Wane katalis ne ya fi dacewa wajen mayar da iskar CO2 metanol?

Wani ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke shirin fara binciken digirinsa na biyu ya aiko da tambaya. Ya ce kusan kowane wata sai ya ci karo da labarin an gano sabon katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, mai mayar da iskar CO2 (kabon dayoksaid) metanol, wani ruwan sinadari da ake amfani da shi a masana'antu da kuma a matsayin makamashi, kuma kowane labari yana cewa nasa ne ya fi. Wanne ne ya fi da gaske? In kuma an riga an gano, me ya hana masana'antu su cika duniya da wannan metanol ɗin? Sannan a kan wanne ya kamata ya ɗora nasa binciken?

Ƙanena, bari in fara ba ka amsar a dunƙule. Katalis ɗin da ke aiki a manyan masana'antu har yau shi ne haɗin jan ƙarfe da oksaid ɗin zinki da alumina, wanda ake rubutawa Cu/ZnO/Al2O3, ko kuma 'ya'yansa da aka ɗan yi wa gyara. Tun 1966 yake bakin aiki. Sababbin da kake gani a labarai da yawansu aiki ne mai kyau ƙwarai, amma abin da zai nuna ko ɗayansu zai gaje shi ba yawan kason da aka buga a kan labari ba ne. Abin dubawa shi ne yadda yake jure wa ruwa, da kuma shekara nawa zai yi a cikin tukunyar da ake haɗin a masana'anta kafin ya mutu.

Ka fara da lissafin haɗin kansa. Ƙwayar CO2 ɗaya tana haɗuwa da ƙwayoyin haidurojin uku, a sami metanol ɗaya da ruwa ɗaya: CO2 + 3H2 → CH3OH + H2O. Wannan haɗi yana fitar da zafi, kimanin kilojul 49 a kowane mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari), kuma ƙwayoyi huɗu ne ke komawa biyu. Saboda haka yana son sanyi, yana son matsi mai yawa. Sai dai CO2 iska ce mai taurin kai, ta riga ta kai ƙarshen ƙonewa, ba ta motsawa a cikin sanyi. Dole a ɗaga zafi zuwa digiri 200 ko sama kafin jan ƙarfe ya fara yin abin kirki. Da zarar kuwa ka ɗaga zafin, sai wani haɗi na biyu ya taso: CO2 + H2 → CO + H2O. Shi wannan zafi yake sha, kimanin kilojul 41 a kowane mol, don haka duk ƙarin zafi riba ce a gare shi. Yana cinye maka haidurojin, ya ba ka kabon monoksaid, wato CO, ya kuma ƙara maka ruwa.

A nan ake yawan ɗora wa katalis abin da ba zai iya ba. Katalis kamar dillali yake: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa da wuri, amma ba shi da ikon ƙara yawan hajar da ke kasuwa. Iyakar abin da zai juya a zafi kaza da matsi kaza, dokar daidaiton sinadarai ce ta yanke shi. A digiri 250 da matsin bar 50, wato kusan ninki 50 na matsin iskar da muke shaƙa, abin da zai iya juyawa na CO2 a wucewa ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ko da katalis ɗin ya fi kowanne a duniya. Shi ya sa masana'anta ke sanyaya abin da ya fito, ta kwashe metanol da ruwa, ta mayar da sauran iskar cikin tukunya ta sake zagayowa sau da yawa. Abin da katalis zai iya yi abu uku ne: ya sa a kusanci wannan iyaka da sauri, ya yi hakan a zafi mafi ƙanƙanta inda iyakar ta fi faɗi, ya kuma toshe hanyar CO gwargwadon iko.

Tarihin abin zai taimake ka, domin a cikinsa matsalar ruwa take ɓoye. Da can daga itace ake samun metanol, ana gasa shi ba tare da iska ba. A 1923 kamfanin BASF ya fara haɗa shi a Leuna ta ƙasar Jamus, daga cakuɗen CO da haidurojin da aka samo daga kwal, bisa aikin Matthias Pier da abokan aikinsa. Katalis ɗinsu oksaid ɗin zinki ne da na kuromiyum, kuma sai an kai zafin digiri 300 zuwa 400 da matsin da ya kai bar 250 ko fiye. An san jan ƙarfe ya fi kuzari, amma farar wutar da ke cikin iskar kwal tana kashe shi nan take. Sai da aka koma samun iskar haɗin daga nafta da iskar gas, aka iya tsarkake ta daga farar wuta, sannan kamfanin ICI ya buɗe masana'antarsa a Billingham ta Ingila a 1966 da katalis ɗin jan ƙarfe. Matsi ya sauko zuwa bar 50 zuwa 100, zafi ya sauko zuwa digiri 200 zuwa 300. A kan wannan tsari ne kusan duk metanol ɗin duniya, wajen tan miliyan 100 a shekara, yake fitowa.

An daɗe ana ɗauka cewa CO ce ke zama metanol kai tsaye. Masu bincike a Tarayyar Sobiyet, su Rozovskii da Kagan, suka nuna a shekarun 1970 cewa ba haka ba ne, sannan Chinchen da abokan aikinsa a ICI suka tabbatar a 1987 ta hanyar sa wa kabon alama da kabon-14. Kabon ɗin da ke cikin metanol daga ɗan CO2 ɗin da ke cikin cakuɗen yake fitowa. To mene ne aikin CO? Share ruwa. Duk ruwan da ya fito, CO tana kama shi ta juya shi zuwa CO2 da haidurojin, fuskar jan ƙarfen ta zauna a bushe. Ka ga ke nan tun asali masana'antu CO2 suke mayarwa metanol, sai dai suna da mai share musu ruwa kyauta. Ranar da ka cire CO daga abincin tukunya ka ba ta CO2 zalla, ka kori wannan mai sharar. A nan gizo ke saƙar.

Kowane tan ɗaya na metanol daga CO2 yana zuwa da fiye da rabin tan na ruwa, kilo 560 da ɗoriya. Wannan ruwa, a matsayin tururi mai zafi ƙarƙashin matsi, ɓarna iri uku yake yi. Yana zama a kan guraben da CO2 da haidurojin za su sauka, aiki ya ragu. Yana sa ƙananan ƙwayoyin jan ƙarfe, waɗanda girmansu bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba, su riƙa matsowa suna dunƙulewa, faɗin fuskar da ke aiki ya ragu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Yana kuma sa oksaid ɗin zinkin ya girma ya ware kansa, alhali a dab da inda zinki ya taɓa jan ƙarfe ne aikin yake.

Wannan batu na inda aikin yake ya cancanci a tsaya a kansa, don har yanzu ana muhawara. Ana yin katalis ɗin ne ta hanyar zuba sodiyum kabonet a cikin ruwan gishirin naitret na jan ƙarfe da zinki da alminiyum, a bar laka ta kwanta ta nuna har ta zama wani nau'in malakait mai ɗauke da zinki. Sai a wanke, a busar, a gasa, a ƙarshe a ratsa shi da haidurojin oksaid ɗin jan ƙarfen ya koma ƙarfe. Rabon jan ƙarfe da zinki yakan kasance kusan 70 da 30. Jan ƙarfe shi kaɗai yana yin metanol, amma kaɗan. Zinki shi kaɗai a wannan zafi kusan ba ya yin komai. In aka haɗa su sai kuzarin ya ninka. A 2012 Malte Behrens da abokan aikinsa, daga Cibiyar Fritz Haber ta Balin tare da masu lissafi na Stanford, suka ce wurin aikin shi ne matakala da lahani a fuskar jan ƙarfe waɗanda ƙwayoyin zinki suka hau kansu. A 2017 wata tawaga a ɗakin binciken Brookhaven na Amurka ta kawo hujjar cewa zinkin yana komawa oksaid a lokacin aiki, kuma iyakar da ke tsakanin ZnO da jan ƙarfe ce ke yin aikin. A ganina ɓangarorin biyu kowanne ya ga gaskiya a yanayin da ya auna, domin fuskar wannan katalis ba ta tsayawa wuri ɗaya. In iskar da ke kanta mai yawan CO da haidurojin ce, zinki yana rarrafowa ya baje a kan jan ƙarfe. In mai yawan CO2 da ruwa ce, yana janyewa ya koma oksaid. Abin da aka fi yarda da shi a kan hanyar haɗin shi ne CO2 tana fara zama fomet a kan fuskar, a yi ta ƙara mata haidurojin har ta zama metoksi, sannan metanol, kuma zinki yana taimakawa ne wajen riƙe waɗannan matsakaitan ta gefen oksijin ɗinsu.

Gyaran da aka yi wa jan ƙarfe don ya jure ruwa ya haɗa da sa zikoniya, wato oksaid ɗin zikoniyum (ZrO2), wadda ba ta kai alumina son ruwa ba, da oksaid ɗin galiyum, da ɗan silika kaɗan da masu bincike a Japan suka nuna tun shekarun 1990 cewa yana hana ƙwayoyin girma. Ba a cika yin labarin irin wannan aiki ba, amma shi ne ke cikin tukwanen da ke aiki yau.

Cikin sababbi, wanda na fi ba wa muhimmanci shi ne oksaid ɗin indiyum. A 2016 tawagar Javier Pérez-Ramírez a ETH Zurich ta Suwizalan, tare da kamfanin Total, ta nuna cewa In2O3 da aka ɗora a kan zikoniya yana ba da metanol kusan zalla ko a digiri 300, kuma ya yi awa 1,000 yana aiki bai gaji ba. A nan ba ƙarfe ne ke aiki ba. Haidurojin yana cire wasu ƙwayoyin oksijin daga fuskar oksaid ɗin, ya bar gurabe, CO2 ta zo ta cusa oksijin ɗinta ɗaya a gurbin, daga nan a fara ƙara mata haidurojin. Wannan fuska ba ta sauƙaƙa hanyar CO, kuma ruwa ba ya yi mata ɓarnar da yake yi wa jan ƙarfe. Rauninsa shi ne ba ya iya tsaga ƙwayar haidurojin da sauri, shi ya sa ake ɗiga masa faladiyum ko filatinum ko nikel kaɗan. Sai dai ma'aunin siriri ne. In faladiyum ya taru ya yi gungu, sai ya buɗe hanyar CO da aka toshe. In kuma aka cire oksijin fiye da kima, oksaid ɗin ya koma ƙarfen indiyum, wanda ke narkewa a digiri 157 kacal, katalis ya mutu. Akwai kuma batun samuwa. Indiyum ba shi da mahaƙa tasa, a gefen haƙar zinki ake samunsa, abin da ake fitarwa sabo a duniya a shekara bai wuce kusan tan 1,000 ba, kuma masu yin gilashin waya da talabijin sun riga sun yi layi a kansa.

Na biyu shi ne haɗin ZnO da ZrO2 wanda tawagar Li Can a Cibiyar Kimiyyar Sinadarai ta Dalian a ƙasar Sin ta bayyana a 2017. Zinki kusan kashi 13 cikin ɗari ne, ya shige cikin ginin zikoniyar. Ya ba da metanol kashi 86 zuwa 91 cikin ɗari na abin da ya juya, a zafin digiri 315 zuwa 320 da matsin bar 50, ya yi awa 500 ba tare da raguwa ba, kuma ya jure ɗan abin da aka sa masa na farar wuta. Wannan na ƙarshe babban abu ne ga wanda zai ɗebo CO2 daga hayaƙin masana'anta. Ba a tsaya a takarda ba, an gwada shi a wata masana'antar gwaji mai tan 1,000 a shekara a Lanzhou a 2020, da haidurojin daga wutar hasken rana. Matsalarsa zafin da yake buƙata, domin a sama da digiri 300 iyakar daidaito ta matse sosai.

Sauran zan wuce su da sauri. Akwai haɗin nikel da galiyum, Ni5Ga3, da Felix Studt da abokan aikinsa suka fitar a 2014 don aiki a matsi kaɗan. Akwai MoS2, haɗin molibdenum da farar wuta, mai guraben da aka cire wasu ƙwayoyin farar wutar, daga Dalian da Jami'ar Xiamen a 2021, wanda ya yi aiki a digiri 180 har awa 3,000, kuma wannan ƙarancin zafi ya sa ya cancanci a sa masa ido. Akwai narkakkun katalis na ruteniyum da ke aiki cikin ruwan sinadari a tsakanin digiri 125 da 165, kamar na Klankermayer da Leitner a Aachen a 2012, da wanda tawagar George Olah da Surya Prakash a Kalifoniya ta yi amfani da shi a 2016 ta mayar da CO2 da aka kamo daga iska metanol. Suna koyar da mu yadda haɗin ke tafiya ƙwaya bayan ƙwaya, amma ruteniyum yana da tsada, kuma yawan abin da suke fitarwa bai kusanci na masana'anta ba. Hanyar lantarki kai tsaye, inda ake tura ilektron shida ga kowace CO2, ita ma tana nan. Tawagar Hailiang Wang a Yale ta nuna a 2019 cewa kobal fitalosayanin a kan bututun kabon yana juya fiye da kashi 40 cikin ɗari na wutar zuwa metanol. Ci gaba ne na gaske, amma tafiyar da sauran nisa.

Game da me ya hana masana'antu, ba katalis ne ya tare hanya ba. Ka yi lissafin da kanka. Tan ɗaya na metanol yana buƙatar kusan tan 1.4 na CO2 da kusan kilo 190 na haidurojin. Tsaga ruwa da lantarki yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 a kowane kilo na haidurojin, wato wajen megawat-awa 10 a kowane tan na metanol, alhali makamashin da ke cikin tan ɗin kusan megawat-awa 5.5 ne. In wutar daga kwal ta fito, za ka saki wajen tan 9 zuwa 10 na CO2 don ka kama tan 1.4. Saboda haka inda aka gina irin waɗannan masana'antu, wurare ne masu haidurojin ko wuta mai araha. Kamfanin Carbon Recycling International ya fara a Svartsengi ta ƙasar Aislan, inda wuta ke fitowa daga zafin ƙarƙashin ƙasa, da masana'antar da aka sa wa sunan George Olah, mai tan 4,000 a shekara. A 2022 fasaharsa ta shiga masana'antar Anyang a lardin Henan na Sin mai tan 110,000 a shekara, inda haidurojin ke zuwa daga iskar tandun gasa kwal. A 2025 aka buɗe ta Kassø a Denmak mai tan 42,000 a shekara, da wutar hasken rana, kuma cikin masu sayen kayanta akwai Maersk don jiragen ruwansa. Ka gwada waɗannan da tan miliyan 100 za ka ga inda ake. Katalis yana da tasiri a kan kuɗin, ta hanyar rage haidurojin da ake asara, da rage matsi da yawan zagaye, da tsawon rai, amma mafi yawan kuɗin metanol ɗin kuɗin haidurojin ne.

Yanzu ga yadda nake so ka riƙa karanta waɗannan labarai. In ka ga an ce katalis ya ba da metanol kashi 99 cikin ɗari, tambayi kaso nawa na CO2 ɗin ya juya. A juyi na kashi 1 ko 2, kusan kowane katalis yana da kyan gani, domin ruwa bai taru ba tukuna. Kada ka gwada biyu sai a zafi ɗaya, matsi ɗaya, da yawan juyi ɗaya. Nemi yawan metanol da kowane kilo ko lita na katalis ke bayarwa a awa. Na jan ƙarfe a masana'antar gargajiya yana ba da tsakanin rabin kilo da kilo ɗaya a kowace lita a awa, shi ne ma'aunin da za a tsallake. Sannan ka duba awa nawa aka gwada. Awa 1,000 sati shida ne kawai, masana'anta kuwa tana aiki kusan awa 8,000 a shekara, kuma tana so katalis ɗin da ta zuba ya yi shekaru kafin a canza shi. Abin yana damuna idan na ga aiki mai kyau an gwada shi awa ashirin da busasshiyar iska mai tsabta, aka kuma kira shi magajin jan ƙarfe, domin hakan yana ɓatar da ɗalibai irinka.

Shawarata a kan bincikenka ita ce ka ɗauki tambayar ruwa, ko a kan jan ƙarfe da zikoniya ko a kan ZnO da ZrO2, tunda kayan haɗinsu ba su da tsadar indiyum da faladiyum. Ka samo katalis na kasuwa ka fara auna shi a na'urarka, ya zama abin da kake gwada naka da shi. Ka riƙa sa tururi ko CO a cikin abincin tukunya da gangan, don ka kwaikwayi abin da ke faruwa a ƙasan tukunyar masana'anta da kuma iskar da ke zagayowa. Ka auna faɗin fuskar jan ƙarfe kafin gwaji da bayansa. Wajen haɗawa, ka wanke lakar sosai, saboda ragowar sodiyum yana rage kuzari, kuma ka riƙe zafi da tsamin ruwan a wuri ɗaya yayin da take kwantawa, don ɗan bambanci a nan yana bin katalis ɗin har ƙarshen rayuwarsa. Wajen ratsa shi da haidurojin, ka yi amfani da wanda aka tsarma da naitirojin, kamar kashi 5 cikin ɗari, ka ɗaga zafi a hankali, in ba haka ba zafin da ke fitowa zai dunƙule jan ƙarfen tun kafin ka fara. Ka ɗumama bututun da ke fita daga tukunya zuwa na'urar aunawa, kada metanol da ruwa su kwanta a hanya, sannan ka tabbatar kabon ɗin da ya shiga ya yi daidai da wanda ya fito.

Ka kula da lafiyarka kuma. Haidurojin a matsin bar 50 ba abin sakaci ba ne, CO ba ta da wari kuma tana kisa, don haka na'urar gano ta dole ce a ɗakin, metanol kuwa kaɗan daga cikinsa yana makantarwa. In ka gama gwaji, kada ka buɗe tukunya haka kawai, domin jan ƙarfen da aka ratsa da haidurojin yana iya kama wuta da kansa in ya haɗu da iska. Ka bari ya huce a cikin naitirojin, sannan ka ratsa shi da oksijin kamar kashi 1 cikin ɗari har zafinsa ya daina motsi, kafin ka fitar da shi.